Ƙafafun da Aka Bari a Koh Ker

A shekarar 2004 aka buga wani babban littafi mai suna Adoration and Glory, wanda Emma Bunker da Douglas Latchford suka wallafa a kan sassaƙe-sassaƙen daular Khmer ta ƙasar Kambodiya. Littafi ne na ƙawa. An ɗauki hoton kowane mutum-mutumi shi kaɗai, haske na sauka a kan kafaɗunsa, babu bango, babu kurmi, babu mai bauta a gabansa. A ƙarƙashin hoton akan ba da ƙarnin da aka sassaƙa shi, da salonsa, da tsayinsa. Da yawa daga cikinsu kuma, a gurbin sunan mai su, sai a ce suna hannun wani mai tara kaya da ba a ambata ba. Wannan shirun shi ne abin da nake son dubawa, domin a ganina shi ne ainihin aikin da littafin ya yi.

Latchford Baturen Ingila ne da aka haifa a Indiya a 1931, ya zauna a Bankok shekaru masu yawa. An daɗe ana kallonsa a matsayin masani kuma mai alheri, har gwamnatin Kambodiya ta ba shi lambar girma a 2008 saboda kayan da ya bayar kyauta ga gidan tarihinta. A watan Nuwamba na 2019 masu gabatar da ƙara a New York suka tuhume shi da fasa-ƙwaurin kayan tarihin da aka sace da ƙirƙira musu takardun asali na bogi. Ya rasu a watan Agusta na 2020 kafin a yi shari'ar, saboda haka kotu ba ta yanke masa hukunci ba, kuma adalci ne a faɗi hakan. Sai dai daga baya 'yarsa ta amince ta mayar wa Kambodiya kayan da ya tara, fiye da guda ɗari.

Ta yaya littafi yake wanke kayan sata? Mai kuɗin da zai sayi gunkin ƙarni na goma yana so a kwantar masa da hankali. Idan dillali ya buɗe masa shafi ya nuna masa cewa ga abin an buga shi, masana sun yi sharhi a kansa, sai ya ji kamar abin yana da asali. Sharhin kuwa ya yi magana a kan lanƙwasar mayafi da tsarin kambi da murmushin fuska, ya tsallake tambaya ɗaya tilo: wane ne ya ɗauko shi, daga ina, kuma yaushe? Tun 1970 UNESCO ta zartar da yarjejeniyar hana safarar kayan al'adu ba bisa ƙa'ida ba, don haka wannan shekara ta zama iyaka a kasuwar. Abin da aka nuna ya bar ƙasarsa kafin ta, yakan sayu cikin sauƙi. Shi ya sa takardar da ke cewa wani Bature ya saye shi a shekarun 1960 take da daraja kusan kamar dutsen kansa.

Abin dariya, idan har akwai abin dariya a nan, shi ne littafin ne ya taimaka wajen tona asirin. Koh Ker tsohon birni ne a arewacin Kambodiya, wanda ya zama fadar mulki a 928, a zamanin sarki Jayavarman na Huɗu, ya ci gaba da zama haka har wajajen 944. A cikin haikalin Prasat Chen da ke can an taɓa samun jerin mutum-mutumai na dutse da ke nuna wani faɗa daga almarar Mahabharata, tsakanin Bhima da Duryodhana. A 2007 wani masanin gyaran dutse, Simon Warrack, ya ga dakali a wurin ɗauke da ƙafafu kawai, an karya su daga idon sawu. Da ya ga hoton wani mutum-mutumi marar ƙafafu a littafin Latchford, wanda ke gidan tarihi na Norton Simon a Kalifoniya, sai ya haɗa hotunan biyu, karaya ta dace da karaya. Bhima ke nan. Abokin faɗansa kuwa ya bayyana a bangon kundin gwanjon Sotheby's a watan Maris na 2011, an yi masa ƙiyasin dala miliyan biyu zuwa uku. Kambodiya ta yi ƙorafi, aka janye shi, hukumomin Amurka suka shigar da ƙara, kuma a 2014 dukansu biyu suka koma gida.

Ƙafafun nan sun fi duk wani sharhi na littafin gaskiya. Mai sata ba ya iya ɗaukar dakali, ya yi nauyi, sai ya sare abin da zai sayu ya bar sauran. Haka kawunan Buddha da suka cika ɗakunan shaƙatawa na masu kuɗi a Turai da Amurka: ba a sassaƙa su su zama kawuna ba. Kasuwa ce ta koya wa ido ya ga kai a kan sandar ƙarfe ya ce ya cika, ya manta da gangar jikin da ke zaune babu wuya a wani kango.

A nan ne nake ganin babban kuskuren masu tara irin waɗannan kaya, har ma da masu gaskiyar cikinsu. Ga mabiya addinin Buddha, siffa ba ta zama abin girmamawa sai an yi mata bikin tsarkakewa. A Tailan da Kambodiya da Siri Lanka akwai bikin buɗe idanun siffar. A Tibet akan cusa naɗaɗɗun takardun addu'o'i da ƙwayoyin tsarki a cikin siffar tagulla, sannan a rufe gindinta. Ƙararrawa da sandar vajra ana riƙe su ne tare, ɗaya a hagu ɗaya a dama, a matsayin alamar hikima da dabarar aiki da ita. A kundin gwanjo duk wannan yakan koma bayanin ƙarin farashi: gindi a rufe yake, ba a taɓa shi ba, don haka ya fi tsada. Ba sai mutum ya yi imani da abin da suka yi imani da shi ba kafin ya ga rashin dacewar hakan. Ni ban yi ba, amma na san me ake nufi da a shiga wurin ibadar mutane da guduma.

Hujjar masu tara kayan ita ce ceto. Latchford da kansa ya sha cewa da an bar su, da mayaƙan Khmer Rouge sun lalata su. Ba hujjar banza ba ce. Tsakanin 1975 da 1979 gwamnatinsu ta rusa wuraren ibada ta kashe malaman addini, kuma duniya ta ga yadda aka tarwatsa manyan siffofin Buddha na Bamiyan a Afganistan a 2001. Akwai abubuwan da da gaske gilashin gidan tarihi ne ya raya su. To amma wanda ya tsamo kayan maƙwabcinsa daga gobara yakan ajiye masa su ne har wuta ta mutu, ba ya canza musu suna ya kai kasuwa. Kuma kuɗin da ake biya a Bankok da Landan su ne suka tura matalautan ƙauyuka da tsofaffin mayaƙa cikin kurmi da kurfi a hannu, har bayan ƙarshen yaƙi. Mu da muka ga yadda aka haƙe kayan yumɓu na Nok a kudancin Kaduna aka kai Turai, wannan labari ba baƙo ba ne a wurinmu.

A watan Disamba na 2023 gidan tarihi na Metropolitan a New York ya sanar da mayar da abubuwa 14 ga Kambodiya da 2 ga Tailan, duk masu alaƙa da Latchford. A cikinsu akwai siffar tagulla ta Avalokiteshvara a zaune da wani kan Buddha na dutse daga ƙarni na bakwai. A shekarar ce kuma aka sa Koh Ker cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Bhima da Duryodhana yanzu suna gidan tarihi na ƙasa a birnin Phnom Penh, an sake ɗora su a kan ƙafafunsu. Ba su koma Prasat Chen ba. Shi ma can gidan tarihi ne, da allon bayani da mai gadi. Amma a can akan ga 'yan ƙasar sun tsaya gaban siffofin Buddha sun haɗa tafukan hannu, wasu sun ajiye furen yasmin a gindinsu, abin da babu shafi ɗaya na littafin 2004 da ya tanadar masa wuri.