Kalmomin Ilimin Tsirrai a Makaranta

Tun da aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram cikin 1973 ake neman kalmomin koyar da ilimin tsirrai da Hausa. Hanyar da aka fi bi ita ce a ɗauko kalmar Faransanci a nemo mata takwara. A ganinmu, nan aibin yake.

Ga misali, ana fassara « fruit » da « ɗan itace ». Amma a wurin masana, duk abin da fure ya haifa, yana ɗauke da iri, « fruit » ne, har da kuɓewa da tumatir da gujiya cikin ɓawonta. Babu Bahaushen da zai kira kuɓewa ɗan itace. Saboda haka yaro yakan haddace darasin, bai fahimce shi ba. Haka kuma « abincin tsiro »: ɗan manomi zai ɗauka taki ake nufi, alhali ganye ne ke haɗa abincin daga ruwa da iska, da taimakon hasken rana.

Hausa kuwa tana da nata gado. Manomi ya san bununin hatsi, ya san namijin dabino da macensa, ya san mace ba ta yin ƴaƴan kirki sai garin furen namiji ya same ta. Da waɗannan ya kamata a soma darasin haihuwar tsirrai.

Don haka, kafin a ƙirƙiri kalma, wajibi ne a fara tattara abin da ke bakin manoma. Inda aka sāke ma'anar tsohuwar kalma kuwa, a bayyana wa malami da ɗalibi tun a shafin farko.