Panlong: Jarumin da Hawa Ya Cinye

Marubucin nan na ƙasar Sin, Zhu Hongzhi, da wani suna mai ban dariya yake rubutu: Wo Chi Xihongshi, wato "Ina cin tumatir". Tsakanin 2008 da 2009 ya riƙa sakin labarinsa Panlong babi-babi a dandalin Qidian, har ya kai littafi 21, babi sama da 800. A kan fassararsa ta Ingilishi, mai suna Coiling Dragon, aka kafa dandalin Wuxiaworld a ƙarshen 2014, kuma da shi mutane da yawa a wajen Sin suka fara ɗanɗana irin wannan adabi.

Labarin Linley Baruch ne, yaro ɗan babban gida wanda arziki ya juya wa baya, har makamin gadon kakanninsu an sayar. Wata rana ya tsinci zobe a kangon gidan. Ashe ruhin wani tsohon masanin sihiri, Doehring Cowart, ya shafe shekara 5,000 a ciki.

Duk daɗin littafin a kashin farko yake. Doehring ya wuce malami, kaka ne mai tsokana da zolaya, wanda ya koya wa yaron sihiri, ya kuma koya masa sassaƙa dutse. Da budurwarsa Alice ta bi wani, Linley bai zare makami ba. Dutse ya samu ya yi ta sassaƙa siffarta dare da rana har baƙin cikin ya fita ta hannunsa. A ganina babu wani faɗa a littafin da ya kai wannan wurin ƙarfi. Ga kuma Bebe, ɗan ɓeran nan mai kwaɗayin gasasshen nama da cika baki, wanda ke sa mai karatu dariya a tsakiyar tashin hankali. Sai aka kashe mahaifin Linley, Hogg, ramuwar gayya ta kai yaron bakin halaka, Doehring ya salwantar da ruhinsa don ya tsirar da shi. Mai karatu kan ji wannan rashi a jikinsa.

Shi ma tsarin ƙarfin a fayyace yake: mataki tara na mayaƙa da masu sihiri, daga nan matakin tsarkaka, sannan na alloli hawa-hawa. Kullum ka san inda jarumi yake da abin da ya rage masa. Abin da ke hana ka ajiye waya ke nan da ƙarfe biyun dare.

To amma wannan tsanin ne ya cinye labarin. Tun 2003 Qidian ke sayar da babi bisa yawan kalmomi, kuma marubucin da ya yi fashin 'yan kwanaki masu karatu sai su watse. Wanda ke bin marubutanmu na intanet, masu ba da shafukan farko kyauta sannan su ce a biya, ya san yadda kuɗi ke jan labari kamar danƙo. Haka nan Panlong. Wani mai girman kai ya raina Linley, Linley ya shiga halwar horo, ya fito ya murƙushe shi, sai wani da ya fi wancan ya ɓullo. Da ya bar nahiyarsu ta Yulan zuwa duniyoyin sama, shekaru ɗaruruwa kan wuce a layi guda, abokan makaranta su zama tarihi. Matarsa Delia, wadda ta fito da wayo da ƙarfin hali, ta koma mai jiran dawowar miji. Kuma da ta bayyana cewa Beirut, ƙasurgumin kakan Bebe, yana tsaye a bayansu, tsoron kada wani abu ya same su ya ragu ƙwarai.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ƙarshen. Linley ya kai matsayin mai iko da sararin duniya tasa ta kansa, ya maido da Doehring. An biya mai karatu hawayensa, an kuma zubar da darajarsu.

Wanda lokacinsa kaɗan ne ya karanta daga farko zuwa mutuwar Doehring. Abin da ya biyo baya na masu son ƙirga matakai ne.