Jifa 250 a Yini Ɗaya: Koshien da Hannun Mai Jifa

Ranar 20 ga Agusta, 1998, wani yaro ɗan shekara 17 mai suna Daisuke Matsuzaka ya hau tudun jifa a filin Koshien da ke Nishinomiya, ƙasar Japan. Makarantarsa ta Yokohama ce ke karawa da PL Gakuen. Zagaye tara ake yi a wasan besbol, amma wannan ya ƙi ci ya ƙi cinyewa har zagaye na 17. Kafin a tashi, yaron ya jefa ƙwallo sau 250 shi kaɗai, cikin zafin rana. Washegari ya sake fitowa a zagayen ƙarshe. Rana ta uku ya yi wasan ƙarshe tun daga farko har ƙarshe, ba wanda ya samu dukan kirki a kansa, suka ɗauki kofi.

Ga wanda bai saba da wasan ba, mai jifa shi ne ƙashin bayansa. Yana tsaye a kan ɗan tudu, tazarar mita 18.44 tsakaninsa da mai riƙe da sanda. Zai ɗaga ƙafa, ya murɗa ƙugu, ya ja hannu baya har sai ka ga kamar gwiwar hannun za ta juye, sannan ya sake ƙwallon da gudun kilomita 150 a sa'a. Kaso mai yawa na wannan nauyi a kan wata 'yar jijiya yake sauka, ta cikin gwiwar hannu. Kowane jifa yana ɗan cin ta. A manyan ƙungiyoyin Amurka, ƙosasshen namiji da ya kai jifa wajen 100 sai a sauke shi, ya huta kwana huɗu ko biyar.

To me ya sa ake barin yara su ninka haka? Amsar tana cikin matsayin wannan gasa ta makarantun sakandare na ƙasa. Tun 1915 ake yin ta, filin kuma an gina shi a 1924. Makarantu dubbai ke fafatawa a jihohinsu, 49 ne ke isa Koshien, kuma faɗuwa ɗaya ce, sai gida. Talabijin na ƙasa yana nuna kowane wasa kai tsaye. Waɗanda aka fitar sukan durƙusa gaban benci suna kuka, suna kwasar ƙasar filin da tafin hannu suna zubawa a jaka, su kai gida su adana. A irin wannan wuri, yaron da aka ba riga mai lamba 1, wato babban mai jifa, ba ya iya buɗe baki ya ce hannu na ciwo. Juriya ita ce darasin da ake ganin an zo koya.

Ba na raina wannan tarbiyya. Wanda ya ga yadda yaran ke sunkuyawa su gaida filin kafin su taka shi ya san akwai abin koyi. Damuwata ita ce wanda ke biyan kuɗin. Yuki Saito ya yi jifa 948 a gasar 2006. Kosei Yoshida na makarantar aikin gona ta Kanaashi ya yi 881 a 2018. Jama'a suka yi tafi, jaridu suka sayu, makarantu suka yi suna. Hannun kuwa na yaron ne, kuma da shi zai nemi abinci shekara ashirin masu zuwa idan ya yi sa'a.

Hanyar da Matsuzaka ya bi daga nan ita ce burin kowane ɗan wasa a can. Seibu Lions ta ɗauke shi, ya ci wasa 16 a shekararsa ta farko, 1999. A ƙarshen 2006 Boston Red Sox ta biya dala miliyan 51 don kawai a ba ta damar zama da shi, sannan ta ba shi kwantiragin dala miliyan 52. Ya ci kofin World Series na Amurka da su a 2007, ya ci wasa 18 ya faɗi 3 a 2008. Daga nan jiki ya fara karɓar bashinsa. A 2011 aka yi masa aikin da ake kira Tommy John, wanda likita Frank Jobe ya fara yi a 1974: a ciro jijiya daga wani sashe na jiki a maye gurbin wadda ta tsinke. Jinyar takan ci fiye da shekara. Ba kowane ciwo za a ɗora wa Koshien ba, domin 'yan Amurka ma da ake ƙirga musu jifa suna kwanciya a gadon wannan aiki. Amma jijiya ba ta manta abin da aka yi mata da ƙuruciya.

Shi ya sa nake ganin abin da ya faru a jihar Iwate a Yulin 2019 ya fi kowane kofi nauyi. Roki Sasaki, yaron da igiyar ruwan 2011 ta raba da mahaifinsa, yana jifa da gudun kilomita 163 tun yana sakandare. Makarantarsa ta Ofunato ta kai wasan ƙarshe na jiha, saura taki ɗaya ta shiga Koshien bayan shekara 35. Kwanaki kaɗan kafin nan ya yi jifa 194 a wasa ɗaya, ana gobe wasan ƙarshen kuma 129. Kocinsa, Yohei Kokubo, ya zaunar da shi a benci. Hanamaki Higashi ta lallasa su 12 da 2. Wayar makarantar ba ta huta ba saboda masu kira suna faɗa. Ni dai ina tare da kocin, ko da yake na san sauran yaran ma mafarkinsu ne ya tafi a ranar, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Daga 2020 hukumar gasar ta taƙaita jifa zuwa 500 a mako. Adadin ya yi yawa har yanzu, amma an yarda a rubuce cewa hannu yana da iyaka. Ƙungiyar Chiba Lotte da ta ɗauki Sasaki ba ta sa shi wasa ko ɗaya ba a shekararsa ta farko. Ranar 10 ga Afrilu, 2022, ya fitar da dukkan mutum 27 da suka fuskance shi, ba wanda ya tsira a cikinsu. Mako guda bayan haka yana kan hanyar maimaitawa, aka sauke shi bayan zagaye takwas.

Matsuzaka ya yi bankwana a Oktoban 2021, yana da shekara 41, sanye da rigar Seibu mai lamba 18. Mutum ɗaya ya fuskanta, jifa biyar ya yi. Mafi saurinsu kilomita 118 ne.