Me Ya Sa Yara Ne Ke Yaƙar Dodanni a Zanen Japan?

A fina-finan zane na Japan, waɗanda ake kira anime, akwai salon da ya kafu sosai: wasu mugayen halittu su auko wa gari, makaman soja su kasa yi musu komai, sai a nemo 'yan shekara sha huɗu ko sha biyar masu wata baiwa a ce su tare su. Ichigo na Bleach da Yuji na Jujutsu Kaisen duk suna da shekara 15 lokacin da aka ɗora musu wannan kaya.

Akwai dalilin kasuwa. Mujallar Shonen Jump, wadda ta fara fita a 1968 kuma a cikinta waɗannan labarai biyu suka fito, samari take sayar wa, kuma yaro ya fi son ganin sa'ansa a fagen daga. Sai dai tushen ya girmi mujallar. Tatsuniyar Momotaro ta daɗe tana ba da labarin yaron da ya tafi tsibirin dodannin da ake kira oni ya ci su da yaƙi. A 1945 aka fitar da dogon fim na zane da rundunar sojan ruwan Japan ta sa aka yi da labarin, inda Turawa suka maye gurbin dodannin. A wannan shekarar ce aka kwashi ɗaliban sakandare a Okinawa, maza aka kai su bakin daga, mata aka sa su jinyar sojoji, da yawansu ba su dawo ba. Ƙasar da ta ga wannan da idonta, batun tura yaro yaƙi ba almara ba ne a wurinta.

A ganina babu aikin da ya fuskanci wannan tarihi kamar Neon Genesis Evangelion na Hideaki Anno. An fara nuna shi a Oktoban 1995, shekarar da girgizar ƙasa ta kashe fiye da mutum 6,000 a Kobe da kewaye, aka kuma saki gubar sarin a jiragen ƙasa na Tokyo. Tauraron labarin, Shinji, ɗan shekara 14 ne. Mahaifinsa, wanda ya yi watsi da shi shekara da shekaru, ya aika a kira shi don kawai ya shiga wata ƙatuwar na'ura ya tunkari halittun da suka kawo hari. Da ya ƙi, sai aka turo wata yarinya, Rei, a kan gadon asibiti, jikinta duk bandeji, aka ce to ita za ta je. Kunya da tausayi ne suka sa shi shiga, ba jarunta ba. Duk raunin da aka yi wa na'urar kuwa, a jikinsa yake jin zafin.

Yawancin masu bin wannan salo sun ɗauki dodo da baiwa sun bar tambayar me ya sa ake tura yara yaƙi, labarinsu ya koma tseren wa ya fi wa ƙarfi, abin da ke ƙayatar da ido amma ba ya zama a zuciya. Waɗanda suka fi inganci ba su daina tuhumar manya ba. A Jujutsu Kaisen, dattawan da ke jagorancin matsafa sun yanke wa Yuji hukuncin kisa tun farkon labari, aka jinkirta zartarwa har sai ya gama haɗiye yatsu 20 na wani la'ananne mai suna Sukuna, wato sai ya gama yi musu aiki.