Darussan Maraice a Makarantun Bazara na Masu Sha'awar Wasan Kwaikwayo a Ingila

Kowace shekara idan ƙarshen watan Yuli ya gabato, lokacin da mu a nan muke tsakiyar damina su kuwa mutanen Ingila suke cikin ɗan zafin da Allah ya hore musu, akan sami jama'a, tun daga malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan jinya har zuwa dattawan da suka ajiye aiki, waɗanda ke yankar mako guda daga hutunsu, su biya kuɗi daga aljihunsu, su tare a wuri ɗaya domin koyon wasan kwaikwayo, alhali kuwa akasarinsu ba su da niyyar cin abinci da shi har abada. Mafi shahara cikin makarantun nan ita ce ta ƙungiyar NODA, wadda aka kafa a 1899 don haɗa kan masu yin wasa da waƙa bisa sha'awa, wadda kuma makarantarta ta zauna a jami'ar Loughborough da ta Warwick kafin ta koma Yarnfield Park a lardin Staffordshire. Ƙa'idar ita ce ɗalibi ya zaɓi fanni guda, ko fitowa a wasa, ko ba da umarni, ko waƙa, ko aikin fitilu da sauti, ya lazimce shi da rana har makon ya ƙare. Amma bayan an ci abincin dare, da yake a wannan lokaci rana ba ta faɗuwa a can sai wajen ƙarfe 9, akan buɗe wasu gajerun darussa na awa ɗaya ko biyu waɗanda kowa ke iya shiga. A wurin masu tsara makaranta na rana su ne farilla, na maraice nafila ne. Ni kuwa ina ganin duk mai son fahimtar haƙiƙanin wannan al'ada, nafilar nan ya kamata ya fara dubawa.

Dalilina na farko daga tarihi yake. Tun ƙarnonin da ƙungiyoyin masu sana'a na biranen York da Chester suke raba ƙissoshin Littafinsu a tsakaninsu, kowace sana'a ta ɗauki ƙissa guda ta nuna a kan amalanke, har masassaƙan jiragen ruwa na York suka zama su ke da ƙissar gina jirgin Annabi Nuhu, wasan kwaikwayo a ƙasar nan yana da masu yinsa waɗanda wuninsu na sana'a ne. Shakespeare kansa, a wasansa na mafarkin daren tsakiyar bazara, ya kawo masu sana'a shida, cikinsu har da masaƙi da tela da kafinta da mai gyaran zugazugi, waɗanda suka yi alkawarin haɗuwa a daji da dare don gwajin wasan da za su nuna a bikin sarki. Ko da yake ya sa 'yan kallo su yi musu dariya, bai ƙirƙiri lokacin haɗuwarsu ba, gama mai sana'a ba shi da wani lokaci sai wannan. Da aka kafa British Drama League a 1919 bisa himmar Geoffrey Whitworth, bayan yaƙin duniya na farko, ƙungiyoyin ƙauyuka da na mata suka yawaita, sai mas'alar horo ta taso, domin sha'awa ta samu amma malami ya yi ƙaranci, kuma daga wannan buƙata ce makarantun hutu suka sami gindin zama. Saboda haka darasin rana aro ne daga tsarin makarantun ƙwararru, na maraice kuwa shi ne ya dace da ɗabi'ar mutanen, kamar dai yadda ɗan kasuwa ko maɗinki a Kano ko Zariya yake rufe rumfa ya ɗauki littafinsa ya nufi zauren malami bayan Magariba, da gajiyar wuni a jikinsa, ba don wani ya tilasta shi ba.

Abin da aka fi koyarwa a wannan lokaci ilmin jiki ne, kuma a kan gaba akwai murya. Mai sha'awa yakan yi wasansa ne a ɗakin taron ƙauye ko na coci, sau da yawa ba tare da na'urar ƙara sauti ba, kuma idan ba a hore shi ba, da zarar an ce masa na baya ba sa ji, sai ya matse maƙogwaro ya yi ta ihu, muryar ta dushe tun ba a gama kwanakin wasa ba, kalmomin kuma su cakuɗe. Malamin murya yakan fara da kwantar da ɗalibai rigingine a ƙasa, kowa ya ɗora tafinsa a kan haƙarƙari, ya ji yadda numfashi ke buɗa su yana sauka har ciki maimakon ya tsaya a kafaɗa. Daga nan a yi gunji da baki rufe har leɓɓa su riƙa kaɗawa, a saki muƙamuƙi, sannan a zo kan fitar da kowane harafi daga mafitarsa, musamman baƙin da ke ƙarshen kalma, wanda shi ne ya fi saurin ɓacewa kafin ya kai kujerar ƙarshe. Cicely Berry, wadda ta shugabanci horon murya a kamfanin Royal Shakespeare tun daga 1969, ta bar wata dabara da malamai da yawa suka gada, watau a sa ɗalibi ya riƙa tafiya yana karanta jawabinsa, duk inda ya ci karo da waƙafi ko aya ya juya ya canja alƙibla. Wanda ya haddace matani tsaf amma bai fahimce shi ba, da ƙafafunsa zai gano inda tunanin mai magana ya karkata, inda ya yi kokwanto, inda ya yanke shawara, kuma zai gano haka cikin mintoci kaɗan, abin da dogon sharhi bai isar masa ba. Berry ta rubuta littafi a kan horon murya a 1973, amma irin wannan sani da talƙini ake ɗaukarsa, baki da kunne, a gaban wanda zai ji kuskurenka ya tsayar da kai nan take.

Darasin da ɗalibai suka fi rububi kuwa shi ne na faɗan daɓe, kuma ni a wurina ya fi sauran hikima. Mari da naushi da shaƙa da jan gashi duk suna da usuli: a kiyaye tazara, a haɗa ido kafin a motsa, a fara a hankali ƙwarai kafin a ƙara sauri, a tsaya ta fuskar da ɗan kallo ba zai ga ratar da ke tsakanin hannu da kunci ba, ƙarar bugun kuma wani ne ke fitar da ita da tafi ko da dukan cinyarsa. Babbar ƙa'ida ita ce wanda ake zalunta a cikin wasa shi ke riƙe da ragama. Idan za a ja mace da gashi, mai jan dunƙule hannu kawai yake yi ya ɗora a kanta, ita ce ke kama wuyan hannunsa ta ja kanta tana kururuwa, shi kuwa binta yake yi yana nuna ƙarfin da bai sa ba. Mutum biyu da ba su san juna ba da safe, ɗaya ya ba ɗaya amanar fuskarsa da maraice, kuma amanar nan ita ce asasin duk wani wasa na mutum fiye da ɗaya, ko akwai faɗa a cikinsa ko babu.

Akwai kuma wasan nan-take, wanda ba a rubuta shi ba, kuma yana da kyau a tuna cewa a hannun waɗanda ba ƙwararru ba aka raine shi: Viola Spolin ta tsara wasanninta ne tana aiki da yara da baƙin da suka yi ƙaura daga wasu ƙasashe a unguwannin Chicago kafin ta tattara su a littafi a 1963. Keith Johnstone, a littafinsa Impro na 1979, ya nuna cewa kusan kowace magana tsakanin mutum biyu tana ɗaga darajar ɗaya ko ta sauke ta, kuma ana gane haka daga riƙon kai da tsawon kallo da yawan motsin hannu. A ƙasar da bambancin aji yake da zurfi irin Ingila, sa manajan banki ya sunkuyar da ido a gaban mai shara na minti biyar ba ƙaramin darasi ba ne.

To, amma wajibi ne a faɗi aibin abin, domin yana da shi. Makarantun ƙwararru na Ingila shekara uku suke riƙe ɗalibi, makarantar da Jacques Lecoq ya buɗe a Faris a 1956 kuwa shekara biyu take ɗauka a kan motsin jiki da fuskar aro. Ta yaya awa biyu za ta tsaya a madadin wannan? Ba za ta tsaya ba, kuma hatsarin yana ga wanda ya ɗanɗana ya zaci ya ƙoshi, ya koma ƙungiyarsu ya naɗa kansa malami ba tare da ijaza ba. A fannin murya ɓarnarsa ba ta wuce ɓata lokaci, amma a fannin faɗa, musamman in an shigo da takobi ko sanda, tana iya kaiwa ga rasa ido, shi ya sa masu tsara faɗan daɓe a Ingila suka kafa ƙungiyarsu tun 1969, ake kuma jarraba mutum kafin a shaide shi. Malamin kirki yakan faɗa wa ɗalibansa iyakar abin da ya ba su da abin da bai halatta musu su koyar ba. Sannan ga mas'alar kuɗi: makon kwana da ci da karatu yana da tsada, kuma ko da yake ana ba wasu tallafi, wanda ya fi kowa buƙatar horon, saurayi ko budurwa mai ƙaramin albashi daga ƙungiya matalauciya, shi ne ya fi wuyar zuwa.

Duk da haka ban yarda da masu raina abin ba, masu cewa nishaɗi ne kawai na masu hali. André Antoine akawu ne a kamfanin gas na Faris lokacin da ya kafa gidan wasansa a 1887, ya sauya yadda ake fitowa a daɓe a Turai. Stanislavski ya shafe shekaru yana wasa cikin 'yan uwa da abokai kafin a kafa gidan wasan fasaha na Mosko a 1898. Fa'idar maraicen nan ita ce tana ba mai sha'awa abin da ƙungiyarsa ta gida ba ta iya ba shi, watau damar yin kuskure. A gida kowane gwaji yana fuskantar ranar buɗe wasa, an sayar da tikiti, lokaci ya ƙure, don haka wanda ya iya fitowa a tsoho shi za a yi ta ba tsoho shekara da shekaru, mai jan labule kuma ba za a taɓa jin muryarsa ba. A darasin maraice babu ɗan kallo, babu wanda ya san matsayinka a garinku, sai mai fitilu ya gwada waƙa, tauraruwar ƙungiya ta gane ba ta iya faɗuwa ƙasa ba tare da ta buge gwiwa ba. Kuma ko motsa jiki guda ɗaya mutum ya riƙe daidai ya kai gida, ya sadar da ƙungiyarsa da sanadin da ke komawa ga manyan malaman fannin.

Mu ma ba baƙi ba ne ga wannan sha'ani, domin wasan kwaikwayo na rubuce ya shigo mana ta makarantu, tun littafin wasanni shida na Hausa da R. M. East ya fitar a 1936, kuma sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, tun daga zamanin Michael Etherton a 1975, ya fita da ɗalibai zuwa ƙauyukan Zazzau irin su Soba suna shirya wasa tare da manoma. Fim ɗin Turmin Danya na 1990, wanda ake lissafa shi farkon finafinan bidiyo na Kano, ƙungiyar masu sha'awa ce ta Tumbin Giwa ta yi shi. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne zama na musamman, a lokacin hutu, inda za a ajiye kyamara a koyi numfashi da tsayuwa da faɗuwa daga bakin waɗanda suka iya. Cikin waɗanda suka iya ɗin, Kasimu Yero ya rasu a 2017, Usman Baba Pategi, wato Samanja, ya bi shi a 2023, Allah ya jiƙansu. Faifansu na nuna mana abin da suka yi, amma ba ya gyara wa yaro kuskurensa. Sauran tsararrakinsu na rediyo da talabijin a Kaduna da Kano da Damagaram, da 'yan kama da manyan masu tashe, wasunsu suna raye, kuma ajin makaranta guda da aka rufe don hutu ya ishe su zama da ɗalibai tsakanin La'asar da Magariba.