Ziyarar Buɗe Ido: Ƙarfe a Tasha, Itace a Bakin Kogi

Kowane ƙarshen zango makarantun Minna sukan tara kuɗi daga iyaye, a ɗauko bas, a loda yara da kulolin shinkafa, a ce za a je buɗe ido. Hanyar kusan ɗaya ce: ruwan Gurara, kufan Zungeru, wani lokaci a ratsa tashar jirgin ƙasa a ga tsohon kan jirgin nan na Wushishi da aka girke a can. Al'ada ce mai kyau, gani ya kori ji. Tambayata ita ce, me ake gani?

Na taɓa bin irin wannan ayari. Yara suka yi wa injin caa, wani ya ɗare kansa, wata ta leƙa inda ake zuba wuta ta ce, "Malam, wannan murhu ne?" Malam ya ce, "Ku jeru a ɗauki hoto, rana na yi." Aka ɗauka, aka koma mota. Yarinyar kuwa ta kusa gano gaskiya, don murhun ne: a hura wuta, ruwa ya tafasa, tururi ya tura ƙafafu. Ba wanda ya ba ta amsa.

Ga shi kuma injin yana da labari. A 1901 gwamnatin Lugard ta shimfiɗa ɗan siririn dogo tsakanin Zungeru da Wushishi, don kwaso kayan da jiragen ruwa ke kawowa ta kogin Kaduna. Daga baya aka ja babban dogo daga Baro, a bakin Neja, ya bi ta Minna ya isa Kano a 1911. Wato ruwa ne ya haifi dogon, dogon kuma ya raya Minna. Amma ziyararmu ba ta cika kaiwa bakin ruwa ba, sai dai inda yake zubowa daga dutse.

A arewacin Turai akwai irin wannan yawo na wuni guda, inda ake zuwa kallon jiragen Bikin, mayaƙan teku kuma fatake na shekaru dubu da suka wuce. A Oslo ta ƙasar Norwe akwai jirgin Gokstad da aka tono a 1880 da na Oseberg da aka tono a 1904, duka daga kaburburan manya. Wanda ya fi jan hankalina shi ne gidan tarihin Roskilde a Denmak. A 1962 aka ciro jirage biyar waɗanda mutanen wancan zamani suka nutsar da gangan don tare wa abokan gaba mashiga. Ba a tsaya ga adana tsofaffin katakai ba. Kusa da gidan tarihin masassaƙa na fasa itace da gatari suna ƙera irinsu a gaban baƙi, har ɗaya daga cikin sababbin ya tashi daga can ya kai Dublin a 2007. Yaron da ya je can zai ji ƙanshin kwalta da sabon itace, ya ga hannu na aiki.

Mu ma ba a bar mu baya wajen tsufa ba. Kwalekwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙar rijiya a 1987 a yankin da ke jihar Yobe yanzu, ya kai shekara dubu takwas, tsawonsa ya haura mita takwas. Jiragen Bikin jikoki ne a gabansa, jikokin ma na nesa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, abin da Roskilde ta kashe kuɗi ta farfaɗo, mu namu bai mutu ba. A ƙasar Nupe, wajen Muregi inda Kaduna ke haɗuwa da Neja, har gobe jirgi ne motar mutane, akwai masu ƙera shi da masu toshe ɓarakarsa. Sai dai ba ma jin sunan kwalekwale a labarai sai ya kife da 'yan biki ko 'yan kasuwa. Mun ɗauka tarihi shi ne abin da Bature ya bari ya yi tsatsa. Wanda ke hannun masassaƙi kuwa, wai sana'ar talaka ce. Daga Minna zuwa Bida tafiyar safiya ce, kogi na gaba. Ban taɓa ganin takardar makaranta da ta nemi iyaye su biya kuɗin mota don yara su je su ga mai gizago ba.