Gwanin da ke Sauraron Modem

A shekarun 1990, yawancin masu son shiga intanet daga gida ta layin tarho suke bi. Ga masu amfani da Linux, manhajar da Linus Torvalds ya fara fitarwa a 1991 wadda kowa ke da damar buɗe cikinta ya gyara, akwai wata wahala ta daban: in layi ya ƙi haɗuwa, hanyar neman taimakon ce ta toshe. Dole ilimin ya kasance a kanka.

Gwanin wannan aiki ba ya lalube cikin duhu. Yakan buɗe manhajar minicom ya rubuta AT. In modem, na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin tarho, ya amsa OK, to yana da rai, kuma an same shi a inda ya dace, galibi /dev/ttyS0, wanda Windows ke kira COM1. In ya yi shiru, sai a tambayi irinsa. Yawancin masu arahar lokacin Winmodem ne, an rage musu kayan ciki an ɗora wa Windows aikin, Linux kuwa ba ya gane su sai da manhaja ta musamman. Mutane sun sha wahalar banza a nan suna zargin layi.

Sai ya rubuta ATDT da lambar tarhon kamfanin intanet, ya kasa kunne. Wannan ne ya fi burge ni. Daga tsuwar da modem ɗinsa da na kamfanin ke yi wa juna yakan gane ko layin na da hayaniya, tun kafin allo ya ce komai. NO DIALTONE ya fito? A duba wayar bango, in lafiyarta lau a sa ATX3 ya buga ba tare da jiran sautin layi ba.

Ganin CONNECT ba ya sa shi murna tukuna. Yakan bi fayil ɗin /var/log/messages layi-layi ya ga inda pppd, manhajar da ke ƙulla haɗin, ya tsaya, sau da yawa kalmar sirri ce aka rubuta ba daidai ba a fayil ɗin pap-secrets. Wani lokaci kuma komai ya haɗu amma shafi ya ƙi buɗewa. Sai ya gwada ping da lambar wata kwamfuta maimakon sunanta. In ta amsa, ya san layi ba shi da laifi: adireshin DNS, mai mayar da suna lamba, ne babu a /etc/resolv.conf, kuma rubuta layi ɗaya ya wadatar.